Yadda Ake Gano Ainihin Saurin Na'urar Nuna Hanya ta GPS

A jikin kwalin kusan kowace na'urar nuna hanya mai araha akwai wata lamba da aka rubuta da manyan baƙaƙe: 800MHz, ko 1.3GHz, ko kuma "ƙwaya takwas". Mai saye ya duba, ya ɗauka wadda ta fi girman lamba ita za ta fi sauri. Sai an maƙala ta a gilashin mota, an wuce kwanar da ya kamata a shiga, na'urar ta tsaya tana lissafi har an wuce kwana ta biyu, sannan a fara tambayar ina saurin da aka yi alkawari.

Amsar ba guda ɗaya ba ce. Wani lokaci lambar gaskiya ce, amma ba abin da ka zata take nufi ba. Wani lokaci gaskiya ce ta minti biyar, da na'urar ta ɗau zafi sai ta sauka. Wani lokaci ƙarya ce tsagwaronta. Sau da yawa kuma furosesa, wato ɓangaren da ke yin lissafi a cikin na'urar, ba shi da laifi ko kaɗan, wani ɓangare ne ya riƙe masa ƙafa. Bambance waɗannan huɗun shi ne aikin da za mu yi, domin kowanne da maganinsa, kuma ɗaya kaɗai daga cikinsu ne ya cancanci a mayar wa mai sayarwa kayansa.

Ka tanadi na'urar da cajarta ta mota, wayar hannu mai kyamara da agogon ƙidayar sakan, takarda da biro. Idan na'urar tana aiki da Android ne, kwamfuta da kebul na USB za su taimaka. Gwajin kan titi kuma sai da abokin tafiya: shi zai riƙe waya yana ɗauka, kai ka riƙe sitiyari. Wannan ba abin sassauci ba ne.

Mataki na farko: kwafe alkawarin, ka warware shi

Ɗauki hoton kwalin da na tallan da ka gani kafin ka saya, ka kwafe abu huɗu a takarda: sunan furosesa, lambar saurinsa, yawan ƙwayoyinsa, wato ƙananan masu lissafin da ke cikinsa, da girman RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da yake aiki da ita.

Furosesa yana aiki ne da bugu, ana kuma auna bugun da MHz. MHz 1 bugu miliyan ɗaya ne a sakan guda, GHz 1 kuma MHz 1,000 ne. Lambar tana gaya maka sau nawa yake bugawa, ba ta gaya maka yawan aikin da yake kammalawa a kowane bugu ba. Yaro da babba za su iya yin taku biyu-biyu a sakan, amma babba zai riga isa, don takunsa ya fi faɗi. Ka riƙe wannan, a mataki na biyar za mu sa masa lambobi.

Yanzu dubi yadda aka rubuta lambar. Idan akwai "har zuwa" a gabanta, to iyakar da furosesan zai iya kaiwa aka faɗa maka, ba inda yake zama ba. Idan ka ga lamba mai girman da bai dace da ƙaramar na'ura ba, kamar 5.2GHz, raba ta da yawan ƙwayoyin: 5.2 a raba gida huɗu 1.3 ne, wato an tara saurin ƙwayoyi huɗu an mai da shi lamba ɗaya, alhali babu aikin da zai taɓa gudu da wannan saurin. Akwai kuma masu tara saurin babban furosesa da na ƙaramin mataimakinsa mai tace siginar tauraro, su rubuta jimillar. Wasu ma lambar RAM suke arowa. Irin RAM ɗin da ake kira DDR yana aika bayani sau biyu a kowane bugu, shi ya sa DDR2-800 da bugun 400MHz yake aiki, kuma wannan 800 ɗin tana iya bayyana a kwali ba tare da an ce ta wane ɓangare ce ba.

Abin da ya fi ba ni shakku shi ne kwalin da ya ba da lambar sauri bai ba da sunan aisin ba, wato guntun lantarkin da furosesan ke ciki. Wanda ya sa kaya mai kyau a ciki ba ya ɓoye sunansa.

Mataki na biyu: ware abin da ba aikin furosesa ba ne

Wannan matakin babu taɓa na'ura a cikinsa, amma idan ka tsallake shi za ka auna abin da ba shi ne ba, ka ɗora laifi inda bai kamata ba.

Na'urar nuna hanya ma'aikata biyu gare ta. Na farko shi ne mai karɓar sigina, wanda ke sauraron taurarin ɗan'adam ya fitar da inda kake. Kamfanoni irin su u-blox da MediaTek suna ƙera shi, a da kuma SiRF ta yi suna da aisinta SiRFstarIII, kafin ta haɗe da CSR a 2009, Qualcomm kuma ta saye CSR a 2015. A wasu na'urorin mai karɓar siginar aisi ne mai zaman kansa, a wasu kuma an gina shi cikin aisi ɗaya da furosesa, amma aikinsu daban ne. Na biyu shi ne furosesan da ake tallata saurinsa: shi ke neman adireshi cikin taswira, ya lissafa hanya, ya zana taswirar a allo, ya ɗora alamar motarka a kan titin da ya dace, ya kuma yi magana.

Taurarin GPS na Amurka suna yawo ne a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma na'ura na buƙatar aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Saƙon da suke aikowa a kan mita 1575.42MHz yana zuwa ne da saurin bit 50 kacal a sakan. Zagaye ɗaya na saƙon, wanda ke ɗauke da bayanin inda tauraron yake a falakinsa, sakan 30 yake ci. Cikakken jadawalin dukkan taurarin kuwa minti 12 da rabi ne. Saboda haka na'urar da ta daɗe a kashe, ko aka yi doguwar tafiya da ita a kashe, dole ta jira saƙon ya sauko, ko da furosesanta ya kai na babbar kwamfuta. Abin da ke gajarta wannan jiran shi ne samun bayanin falakin tun kafin a kunna, ko dai ta intanet ko ta hasashen da na'urar ke yi da kanta. TomTom ta kira nata QuickGPSfix, Garmin ta kira nata HotFix. Samun damar sauraron GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin shi ma yana taimakawa, musamman tsakanin dogayen gine-gine.

Abu na biyu: yawancin masu karɓar sigina na mota sau ɗaya suke sabunta matsayi a kowane sakan. A gudun kilomita 100 a awa, mota na cin kusan mita 28 a sakan. Idan ka ga alamar motarka tana ɗan biyo ka a baya, ko tana tafiya tana tsalle-tsalle, galibi wannan ne dalili, ba raunin furosesa ba. Haka nan gilashin gaba na wasu motoci yana da shafen ƙarfe mai kare zafi, shi ma yana raunana sigina.

To, jinkirin kama tauraro da 'yar tazarar alama ka cire su daga lissafi. Abin da ya rage shi za mu auna.

Mataki na uku: gano aisin da ke ciki da gaske

Hanyar ta danganta da irin na'urar.

Idan Android ce, kamar allunan da ake sakawa a mazaunin rediyon mota, kada ka tsaya ga shafin bayanin na'ura da ke cikin saituna. Rubutun da ke wurin mai haɗa na'urar ne ya zuba shi, kuma yana iya rubuta abin da ya ga dama. Sauke manhajoji biyu daban-daban masu karanta kayan ciki, misali CPU-Z da AIDA64, ko Device Info HW, ka kwatanta abin da suka nuna. Idan sun saɓa wa juna ko sun saɓa wa kwali, ka gangara ƙasa da su.

Shiga saituna, nemi layin da aka rubuta Build number, ka danna shi sau bakwai, za a buɗe maka sashen masu gina manhaja. Kunna USB debugging a can, haɗa na'urar da kwamfutar da aka sa wa adb, manhajar da ake aika wa Android umarni da ita daga kwamfuta, ka rubuta:

adb shell cat /proc/cpuinfo

Nemi layin CPU part. Lambar da ke gabansa ita ce shaidar ƙirar ƙwayar, kamfanin ARM ne ya ba kowace ƙira tata: 0xc07 Cortex-A7 ne, 0xc09 Cortex-A9, 0xd03 Cortex-A53, 0xd05 Cortex-A55, 0xd0a kuma Cortex-A75. Ƙirga sau nawa layin ya maimaitu, ka samu yawan ƙwayoyin da ke kunne a lokacin. Wasu na'urorin suna kashe wasu ƙwayoyi idan babu aiki, don haka ka bar taswira a buɗe yayin da kake dubawa. Idan kwali ya ce ƙwaya takwas na zamani, ka tarar da 0xc07 sau huɗu, magana ta ƙare.

Tunda kana wurin, duba wannan ma:

adb shell getprop ro.build.version.sdk

Android 8.1 lambarsa 27, Android 9 lambarsa 28, Android 10 lambarsa 29, Android 11 lambarsa 30, Android 12 lambarsa 31, Android 13 kuma 33. Na'urar da shafinta ke cewa Android 13 amma ta amsa 27 an sauya mata suna ne kawai. Wanda ya yi ƙarya a nan, sauran lambobinsa ma sai an bincika.

Idan na'urar irin ta da ce mai Windows CE, wadda allonta na farko ke nuna manyan gumaka na taswira, kiɗa da hoto, akwai shafin bayanin tsari a cikin saitunanta, amma shi ma rubutun mai haɗawa ne. Yawancinsu suna da saitin da ake zaɓar fayil ɗin da maɓallin taswira zai buɗe. Ta nan ake iya buɗe ƙaramar manhajar duba fayiloli da aka sa a katin memori, a kai ga ainihin shafin tsarin Windows CE, inda ake ganin nau'in furosesa da girman RAM. Ka rubuta saitin farko a takarda kafin ka taɓa shi, don ka iya mayarwa. Hanya ta ƙarshe ita ce buɗe bayan na'urar a karanta rubutun da ke jikin aisin. Wannan yana kashe garanti, don haka sai ga na'urar da ba ka da niyyar mayarwa.

Idan kuwa ta manyan kamfanoni ce irin Garmin ko TomTom, sau da yawa ba sa ma tallata saurin furosesa, kuma tsarinsu a rufe yake. Babu alkawarin da za ka kama su da shi, sai ka wuce kai tsaye zuwa mataki na shida. Ni ina ganin shirun nan ya fi lambar bogi mutunci, don ya tilasta wa mai saye ya duba aiki.

Da ka samu sunan aisin, nemi takardar bayaninsa daga kamfanin da ya ƙera shi, ba daga shafin mai sayarwa ba. Lambar da ke cikinta ita ce iyakar gaskiya.

Mataki na huɗu: lambobin sauri uku ne, ba ɗaya ba

A Android da duk tsarin da aka gina kan Linux, akwai wurin da ake ajiye bayanin bugun kowace ƙwaya:

/sys/devices/system/cpu/cpu0/cpufreq/

Fayiloli uku za ka karanta a ciki, da irin umarnin cat ɗin nan na sama. Na farko cpuinfo_max_freq, iyakar da kayan za su iya kaiwa. Na biyu scaling_max_freq, iyakar da tsarin ya yarje masa a halin yanzu. Na uku scaling_cur_freq, inda yake a daidai wannan lokacin. Da kHz ake rubuta su, don haka 1300000 na nufin 1.3GHz.

Kada ka tsorata idan ta ukun ta yi ƙasa sosai alhali na'urar ba ta komai. Haka aka tsara: furosesa yana rage bugu idan babu aiki don ya rage cin wuta da zafi, ya ɗaga idan aiki ya zo. Abin lura shi ne ko yana hawa har iyaka lokacin da ka ba shi lissafin doguwar hanya. Tazarar da ta fi muhimmanci ita ce tsakanin ta farko da ta biyu. Idan aisin zai iya 1.5GHz amma an ƙayyade shi a 1.0GHz tun kafin ya ɗau zafi, to mai haɗa na'urar ne ya rage shi da gangan, galibi don bai sa masa abin sanyaya da ya isa ba, sai kuma ya rubuta 1.5 a kwali.

A furosesa mai manya da ƙananan ƙwayoyi, cpu0 yawanci ƙarama ce. Sauya lambar zuwa ta ƙarshe, cpu5 ko cpu7, ka karanta manyan ma. Idan akwai fayil ɗin time_in_state a ƙarƙashin stats, buɗe shi bayan tafiya: yana jera kowane matakin sauri da tsawon lokacin da aka yi a kansa. Matakin da ke da sifili a gabansa ba a hau shi ba tun da aka kunna na'urar.

Mataki na biyar: mai da bugu ya zama aiki

Akwai wani tsohon ma'auni mai suna Dhrystone, wanda Reinhold Weicker ya fitar a 1984, ana ba da sakamakonsa da DMIPS. Ba ya auna saurin RAM ko na zane, amma ya isa a kwatanta faɗin takun ƙwayoyi. A kowane MHz ɗaya, ARM9 na ba da kusan 1.1, ARM11 kusan 1.25, Cortex-A7 kusan 1.9, Cortex-A8 kusan 2.0, Cortex-A53 kusan 2.3, Cortex-A9 kuma kusan 2.5.

Ninka wannan da saurin da ka gano a mataki na huɗu. ARM9 a 400MHz, irin wanda ke cikin aisin Samsung S3C2440 da tsofaffin na'urori da yawa suka yi amfani da shi, ya ba da 440. ARM11 a 800MHz ya ba da 1,000. Cortex-A8 a 600MHz ya ba da 1,200, wato ya wuce mai 800 ɗin duk da lambarsa ta fi ƙanƙanta. Cortex-A7 a 800MHz ya ba da 1,520: lamba ɗaya da ta ARM11 a kwali, aiki kuma ya ɗara da rabi.

Yawan ƙwayoyi ma haka yake. Rockchip PX5 ƙwaya takwas gare shi, dukkansu Cortex-A53. RK3399 na kamfanin guda ƙwaya shida ne, huɗu A53, biyu kuma Cortex-A72 masu ƙarfi sosai. Lissafin hanya aiki ne mai bin juna, a duba wannan mahaɗar titi kafin a san wadda za a duba gaba, tun daga dabarar da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959 har zuwa waɗanda aka gina a kanta. Irin wannan aikin ba ya rabuwa cikin sauƙi, galibi ƙwaya ɗaya ce ke ɗauke da nauyinsa. Don haka mai shida da manyan ƙwayoyi biyu yana riga mai takwas gamawa. Idan za ka gudanar da Geekbench, manhajar auna ƙarfin furosesa, sakamakon ƙwaya ɗaya ya fi na jimilla amfani a wannan batun.

Ka sa girman allo ma a lissafi. Allon 480 sau 272 ɗigo 130,560 ne, na 800 sau 480 ɗigo 384,000, kusan ninki uku. Na 1280 sau 720 ɗigo 921,600 ne. Furosesa ɗaya a bayan allo biyu mabambanta ba zai ba da santsi iri ɗaya ba.

Mataki na shida: gwajin agogo

Gani ya kori ji. Duk abin da muka yi a baya bincike ne kan alkawari, wannan kuma shi ne awon abin da za ka zauna da shi kullum, kuma yana aiki a kan kowace na'ura, buɗaɗɗiya ko rufaffiya.

Maimakon danna agogo da hannu, ɗauki bidiyon allon da waya. Yawancin wayoyi hoto 30 suke ɗauka a sakan, don haka za ka iya komawa ka ga daidai lokacin da yatsa ya taɓa da lokacin da amsa ta fito. Kowane gwaji ka yi shi sau uku, ka riƙe na tsakiya. Amma ka rubuta na farkon daban, domin a karo na biyu na'urar ta riga ta ɗebo bayanin ta ajiye a RAM, sai ta fi sauri. Idan na farko ya ninka na biyu, ma'ajiya ce ke jinkiri, ba furosesa ba. 

Fara da kunnawa: kashe na'urar gaba ɗaya, ba kwantar da ita barci ba, ka auna daga danna maɓalli zuwa bayyanar taswira. Sai neman adireshi: rubuta sunan titi, ka lura ko haruffa na fitowa daidai da taɓawarka ko suna biyo baya. Sai doguwar hanya: zaɓi gari mai nisan ɗaruruwan kilomita, ka auna daga danna "tafi" zuwa fitowar hanya. Yawancin na'urori suna da yanayin kwaikwayon tafiya da ke ba da damar yin wannan a ɗaki, ba tare da sigina ba. Sai jan taswira da yatsa a tsakiyar babban birni, inda tituna suka yi yawa, ka ga ko tana bin yatsa ko tana barin fili fari kafin ta cike.

Gwajin da ya fi duka shi ne sake lissafi bayan kauce hanya, kuma shi ne wanda mutane suka fi aunawa ba daidai ba. Sa wa na'urar wurin zuwa, ka zaɓi titi marar cunkoso, ka wuce kwanar da ta ce ka shiga, abokin tafiya yana ɗaukar allon. A bidiyon za ka ga lokaci kashi biyu ne. Kashi na farko daga wuce kwanar zuwa sanda na'urar ta yarda ka kauce. Wannan jinkirin da gangan masu manhaja suka sa shi: sigina na iya karkacewa da 'yan mitoci, don haka sai an ga matsayi da yawa a jere a wajen hanya kafin a yanke hukunci, in ba haka ba na'urar za ta riƙa sake lissafi a banza. Kashi na biyu daga nan zuwa fitowar sabon umarni. Wannan ne na furosesa, shi za ka rubuta.

Mai da sakan ɗin mitoci, don a nan ne ma'anarsa take. A gudun kilomita 50 a awa mota na cin kusan mita 14 a sakan. Jinkirin sakan 3 mita 42 ne, ana iya jurewa. Jinkirin sakan 10 mita 140 ne, kuma a cikin gari wannan ya isa ka wuce kwanar da sabuwar hanyar ta dogara da ita, sai na'urar ta koma farko. A ra'ayina, na'urar da jimillar kashin biyu ke wuce sakan biyar a cikin gari ba ta yi ba, kome aka rubuta a kwalinta.

Idan kana kwatanta na'urori biyu, ka ba su wurin tashi ɗaya, wurin zuwa ɗaya, da zaɓi ɗaya na hanya mafi sauri. Manhajar da ke lissafi a kan intanet kuma, kamar Google Maps, ba ta shiga wannan awon: kwamfutocin kamfanin ne ke yin lissafin, abin da za ka auna saurin layinka ne. Yi amfani da taswirar da ke zaune cikin na'urar.

Mataki na bakwai: maimaita da zafi

Na'urar nuna hanya tana zaune ne a wuri mafi zafi a mota, bayan gilashi, rana na dukanta, allo a cikakken haske, batir na caji. Idan aisin ya kai wani matakin zafi, tsarin yana rage masa bugu don kada ya lalace. Lambar kwali a ɗaki mai sanyi aka same ta.

Bayan tafiyar rabin awa da rana, tsaya a wuri mai aminci, ka sake gwajin doguwar hanya da na jan taswira. A Android sake karanta scaling_max_freq, ko ka duba CPU-Z. Idan sakamakon ya faɗi sosai, zafi ne matsalar. Sauko da na'urar daga inda rana ke dukanta kai tsaye, matsar da ita kusa da mafitar iska, rage hasken allo. Kada ka bar ta a rufaffiyar mota a rana da sunan gwaji, batirin litiyam ba ya jure wannan.

Mataki na takwas: wanke sauran waɗanda ake zargi

Katin memori shi ne na farko. Taswira dubban ƙananan gutsattsari ce da ake ɗebowa daga wurare daban-daban, don haka lambar Class 10, wadda ke nufin megabait 10 a sakan wajen rubutu a jere, ba ita ce ma'aunin ba. Nemi kati mai alamar A1, wanda ke da tabbacin karatu 1,500 na warwatse a sakan, ko A2 mai 4,000, ko da yake tsohuwar na'ura ba za ta ci cikakkiyar moriyar A2 ba. Gwaji mafi sauƙi: mayar da taswirar cikin ma'ajiyar na'urar idan da wuri, ka sake awo. Katin bogi ma yana yawo sosai, manhajar H2testw a kwamfuta tana tona girmansa na gaskiya.

Sai RAM. Ganin lambar da ta ɗan gaza ta kwali ba laifi ba ne, tsarin da ɓangaren zane suna riƙe wani kaso. Haka ma ma'ajiya: gigabait 8 na kwali kusan 7.45 ne a lissafin kwamfuta, kafin a cire wurin tsarin. Amma rabin abin da aka rubuta ba riƙon tsari ba ne. Alamar ƙarancin RAM ita ce manhajar taswira ta rufe da kanta, ko ta fara daga farko duk lokacin da ka leƙa wata manhaja ka dawo.

Sai caja. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, kuma na'ura mai babban allo na iya cin fiye da haka. Dubi abin da aka rubuta a bayanta, ka ba ta cajar da ta kai.

A ƙarshe rage wa taswirar kaya: kashe gine-gine masu siffa uku, rage gumakan shaguna da gidajen mai, goge tarihin tafiye-tafiye da ya taru, cire taswirar ƙasashen da ba ka zuwa. Taswirar bana ta fi ta shekaru goma baya nauyi, don haka tsohuwar na'urar da ta rage sauri bayan sabuntawa ba lalacewa ta yi ba.

Mataki na tara: yanke hukunci

Jera abin da ka samu kusa da abin da ka kwafe a mataki na farko. Idan sunan aisi, yawan ƙwayoyi da iyakar bugu sun dace da kwali, amma gwajin agogo bai gamsar ba, to ba a yaudare ka ba, ƙira ce mai rauni ko ma'ajiya mai jinkiri, sai dai gyare-gyaren mataki na takwas. Idan sun dace a sanyi suka faɗi a zafi, sauya mazaunin na'urar kafin komai. Idan kuwa lambar CPU part ta nuna wata ƙira daban, ko ƙwayoyin ba su kai ba, ko cpuinfo_max_freq ta gaza abin da aka tallata, wannan kaya ne da bai dace da bayaninsa ba.

A irin wannan halin kada ka rubuta wa mai sayarwa cewa na'urar ba ta da sauri, zai ce ra'ayinka ne, ya ba ka shawarar ka mayar da ita saitin farko. Aika masa hoton tallan, hoton allon da ke nuna lambar CPU part da iyakar bugun, da shafin takardar kamfanin da ya ƙera aisin, ka rubuta layi ɗaya: an tallata kaza, abin da ke ciki kaza ne. Ka yi hakan kafin wa'adin mayar da kaya ya cika, kuma kafin nan kada ka buɗe bayan na'urar ko ka sauya mata tsari. Kafin ka miƙa ta, goge adireshin gidanka da tarihin wuraren da ka je, ka kuma cire katin memorinka.